Ƙarfen Dogo a Ƙarƙashin Motar Baba

Akori-kurar Baba ta fi shekara takwas a tsugune a bayan gidanmu na Fadan Kagoma, an ɗora ta a kan duwatsu, kaji suna ƙwai a kujerar direba. Baba ya yi aikin gyaran layin dogo a Kafanchan tun yana saurayi har ya yi ritaya, sannan ya koma gida noman citta. Da kuɗin sallamarsa ya sayi motar, kuma ko a lokacin ma ta sha duniya. Ta yi masa jigilar citta da taki da masara, ta kai mu makaranta, ta kai gawar mutane da yawa makabarta, har ranar da ta ƙi tashi aka tura ta bayan gida.

Wata shekara citta ta yi kyau sosai. Ranar Lahadi bayan sujada muna zaune a tsakar gida ana cin abinci, sai Baba ya ajiye cokali ya ce, "Ina so motan nan ya tashi. Ina so in kai citta na kasuwan Kafanchan a cikin mota na, ko sau ɗaya, kafin gwiwa ya hana ni fita."

Ni ne ɗansa na fari. Ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Kafanchan, kuma tun ranar da na fara aiki Baba yake kira na Malam. Da na ji maganar sai na gyara zama, na share murya, don na ɗauka ni za a ɗora wa aikin. Baba ko kallona bai yi ba. Ya juya wajen mijin ƙanwata ya ce, "Ɗana, kai za ka duba shi."

Mijin ƙanwata makanike ne, garejinsa yana kusa da inda titi ya tsallaka layin dogo. Bai gama sakandare ba. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya shan giya, ba ya cutar masu kawo masa aiki, yana riƙe da ƙanwata da kyau, kuma wannan duka shi ne abin da ya fi ba ni haushi. Da mugun mutum ne da na samu abin kamawa. Shekara shida da shigowarsa gidanmu, amma in famfo ya lalace shi ake kira, in za a sayi injin niƙa shi ake tambaya, in Baba zai je asibiti a bayan mashin ɗinsa yake zama. Ni kuwa ana kira na ne in an kawo takarda da Turanci. Kishi nake yi da shi, kuma na san kishi ne tun a lokacin, ba sai da na girma na gane ba, don na riga na haura arba'in.

Aka jawo motar zuwa Kafanchan. A cikin sati biyu ya sauke bodin, ya fitar da injin, aka bar shasi tsirara, wato dogayen ƙarafan nan biyu da duk motar take zaune a kansu. Ran Asabar ya je ya ɗauko Baba don ya gani. Ba wanda ya gayyace ni, amma na je.

Ya ɗauki ƙaramar guduma yana bin ƙarfen yana ƙwanƙwasawa. A gaba ƙarfen yana amsawa da kyau. Da ya zo daidai bayan gidan direba sai gudumar ta shige ciki, tsatsa ta zubo kamar garin dawa. Ya ce takin zamani ne ya ci wurin, don shekara da shekaru ana zuba shi a bayan motar ruwa yana sauka da shi. Ya yi bayanin abin da zai yi: zai yanke ruɓaɓɓen wurin, ya sa falankin ƙarfe mai kauri ɗaya da na asali, ya rufe gefen da yake buɗe don ƙarfen ya zama kamar akwati, kuma ba zai yanke bakin falankin a miƙe ba, zai fiƙe shi, don in an yi walda a miƙe nan ne yake tsagewa. Ya ce shasi yana son ya ɗan lanƙwasa ya dawo in mota ta faɗa rami. Sai an gama wannan, an ga nauyin da motar ta tsaya a kai, sannan a zaɓi ƙafar gaba, wato sifirin da shokazoba da ke riƙe tayoyin gaba.

Baba yana ta gyaɗa kai, bakinsa har kunne. Ni ina tsaye a gefe ina kare takalmina daga baƙin mai, ban gane rabin abin da ake faɗa ba, amma na gane yadda Baba yake kallonsa.

Can sai Baba ya shafa ƙarfen ya ce, kamar mai magana da kansa, "Da ƙarfen dogo ne aka sa a nan, ai har jikoki na za su shiga."

A ƙofar gidanmu akwai guntayen ƙarfen dogo guda biyu, waɗanda aka ba Baba cikin tarkacen da aka daina aiki da su, ya shimfiɗa su a kan lambatu ana takawa a wuce. A wurin Baba babu ƙarfe a duniya sai wannan. In ya ga ƙofar ƙarfe ko garma sai ya taɓa ya ce gwangwani ne. Duk wanda ya tashi a gidan ma'aikacin dogo a Kafanchan ya san wannan ra'ayin.

Mijin ƙanwata ya yi murmushi ya ce, "Baba, dogo yana da ƙarfi, amma ba ya son walda. Yana da tauri da yawa, in ya huce sai ya tsage a gefen ɗinkin. Kuma ya yi nauyi, zai danne gaban motan."

Na ga fuskar Baba ta ɗan sauya, kaɗan dai, yadda tsoho yake yi in an taɓa abin da yake ƙauna. Nan na ga ƙofa, na kuwa shiga gaba gaɗi. Na ce ni dai ban gane ba, ƙarfen da ya ɗauki jirgin ƙasa da taragu cike da gyaɗa da shanu shekara da shekaru, shi ne zai kasa ɗaukar buhunan citta? Na ce mutanen yanzu sun saba da aikin shafe-shafe, ba su san kayan da ba. Na kawo maganar ma'adinai da yadda ake narka tama, abubuwan da nake karanta wa yara daga littafi, waɗanda ba su da haɗi da walda ko kaɗan. Na yi magana mai tsawo. Baba ya juyo yana kallona, ya ce, "To ka ji. Malam ma ya faɗa."

A wurinmu suruki ba ya musu da uban matarsa, ba ya kuma musu da babban wan matarsa a kan abin da ya shafi gidansu. Zai faɗi ra'ayinsa sau ɗaya, in ba a karɓa ba sai ya ja bakinsa. Na san haka sarai, kuma da shi na yi aiki. Ya dubi ƙasa ya ce, "Yadda kuka ce, Yaya."

Da na ga na ci wannan sai na ƙara zaƙewa. Na ce maganar ƙafar gaba a bar mini.

Shi ya riga ya ware irin wadda yake so: sifirin irin na asalin motar, na gwanjo amma mai rai, da sababbin shokazoba. Ya ce tunda za a sa dogo, a nemi ma wanda ya fi wannan tauri, na motar da ta ɗan fi ta girma. Na tambaye shi yadda mai tauri yake a hanya. Ya ce in babu kaya za ta riƙa tsalle kaɗan. Na ce shi ke nan, Baba da ciwon baya za a ɗora shi a kan abin da yake tsalle? Ran Asabar na gaba na shiga mota da sassafe, muka bi ta Kachia da Kujama har Kaduna, na yi ta yawo a layin masu kayan gwanjo. Na gaya wa wani mai shago cewa ina son sifirin mai laushi, wanda tsoho zai zauna bai ji rami ba. Ya ɗauko mini na wata motar manya, ya ce ko ƙwai na ɗora a kai ba zai fashe ba. Bai tambaye ni a wace mota za a sa ba sai da na riga na biya, ni kuma na ce masa ba damuwarsa ba ce.

Na kawo su gareji a cikin buhu, na juye a gaban mijin ƙanwata kamar mafarauci ya dawo da nama. Ya tsayar da ɗaya, ya taka da ƙafa ɗaya, sifirin ɗin ya nutse.

Ya ce, "Yaya, wannan na motan oga ne, wanda ba ya ɗaukan komai sai oga da jaka. Zan iya gyara mazaunin ya shiga. Amma da dogo a ciki, ga citta a baya, hancin motan zai sauka, zai riƙa buga ƙasa."

Na ce, "Kai ka san bayan Baba ko ni? Tun kana ina nake matsa masa baya?"

Ya kwashe su ya kai ciki.

Da yamma ƙanwata ta zo gidana, ko zama ba ta yi ba. Ta ce, "Yaya, don Allah ka bar shi ya yi aikin shi. Kwana biyu ba ya cin abinci da kyau. Ya ce motan nan ba zai yi lafiya ba." Na ce mata tun da ta yi aure ta manta gidan da ta fito, na ce motar ubana ce ba ta uban mijinta ba. Na faɗi wasu maganganun ma da ba zan rubuta ba. Ta tsaya tana kallona, sannan ta ce, "Ba motan ne damuwan ka ba," ta fita. Na ji haushinta ƙwarai, don gaskiya ta faɗa.

Dole in faɗi wannan a kansa, ko da yake har yau ba ya mini daɗin faɗa: bai yi aikin da ganganci ba don ya nuna mini. Ya yi iya ƙoƙarinsa a kan shawarar da ya san ba daidai ba ce. Aka ɗauko ƙarafan daga ƙofar gida, ya rage musu tsawo da wutar gas, ya gasa su da gawayi kafin ya yi walda, bayan ya gama kuma ya rufe su da yashi mai zafi don su huce a hankali. Kwana uku ya yi a kan wannan kaɗai. Na riƙa biyowa bayan an tashi daga makaranta, ina tsaye hannuwa a baya kamar sufeto, ina neman kuskure, ban samu ba.

Motar ta tashi a farkon kaka. An yi mata shuɗin fenti, injin yana kaɗawa lafiya. Sai dai hancinta ya sunkuya, kamar akuya tana shinshinar ƙasa. Na ce haka motocin zamani suke. Muka ɗauki Baba muka zaga Kafanchan ba kaya, ni nake tuƙi, muka bi ta tasha, muka bi ta gaban tsohon gidan da muka zauna a kwatas ɗin ma'aikatan dogo. Gaskiya tafiyar ta yi laushi. Baba ya jingina ya lumshe ido, ya ce kamar yana kan katifa. Da muka tsaya ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, ka yi ƙoƙari." Sati biyu na yi ina juya wannan maganar a raina, har a cikin aji.

Ana gobe za a kai citta, mijin ƙanwata ya same ni ya ce, "Yaya, a raba kayan biyu, a yi sawu biyu. Kuma bari in bi ku a mashin." Na ce sawu ɗaya za a yi, Baba yana son mutane su ga motarsa a cike. Na ce kuma ba ma bukatar rakiya, ya je ya buɗe garejinsa.

Da safe aka loda busasshiyar citta, buhu a kan buhu har suka wuce rufin gidan direba, aka ɗaure da igiya. Baba ya sa kaftaninsa na zuwa coci da hula. Ya yi addu'a a tsaye, hannunsa a kan bonet, maƙwabta suka ce amin. Muna fita yana ɗaga wa mutane hannu ta taga, har waɗanda ba su gaishe shi ba.

Tun ramin farko na ji abin da aka gaya mini. Gaban motar ya sauka ya bugi wani abu, gam, har cikin sitiyari. Na rage gudu. Rami na biyu ma haka. Baba ya dube ni, na ce hanya ce ba ta da kyau. Na riƙa kauce wa ramuka ina addu'a a zuci, kuma duk da haka ban tsaya an rage kaya ba, don tsayawa yana nufin in yarda cewa shi ne ya yi daidai. Mun ci fiye da rabin hanya, muka zo wata kwalbati da ke gangare, inda kwalta ta zaizaye ta bar tudu. Na taka birki, nauyin ya taho gaba gaba ɗaya, muka hau tudun muka sauka. Sai na ji ƙara a ƙarƙashinmu, ba mai ƙarfi ba, kamar an karya busasshen rake. Motar ta durƙusa a tsakiya. Buhunan suka jingino a kan gidan direba. Na samu na gangara da ita gefen hanya.

Ba wanda ya ji rauni. Ƙofar Baba ta ƙi buɗewa, sai ta wajena ya fito. Ya cire hularsa ya ba ni, ya kwanta a ƙasa da kaftanin cocin, ya tura kansa ƙarƙashin motar. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana bin layi yana neman tsagaggen ƙarfe ba ya bukatar a yi masa bayani. Shasin ya tsage a gefen waldar, daidai inda dogon ya ƙare, ɓangare biyun duka. Dogon kansa ko gezau bai yi ba.

Ya fito, ya karkaɗe jikinsa, ya ciro ƙaramar wayarsa ya kira. Ko minti goma ba a yi ba sai ga mijin ƙanwata a kan mashin, da akwatin kayan aiki a ɗaure a baya. Ashe bai buɗe garejin ba, yana zaune a wata mararraba a gabanmu tun safe yana jiran mu wuce.

Ya gaishe da Baba, ya gaishe ni, ya leƙa ƙarƙashin motar. Ya daɗe a can fiye da yadda ake bukata. Da ya miƙe sai ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Walda na ne bai kama da kyau ba."

Na ji sanyi a raina, kuma na ji kunyar wannan sanyin. Na tsaya ina jiran Baba ya karɓa.

Baba ya ce, "Kada ka yi mini ƙarya. Na ga waldan ka, yana nan daram. Ƙarfen ne ya tsage, yadda ka faɗa." Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba tun muna yara. "Kai ka san ƙarfe. Ka faɗa sau ɗaya ka yi shiru, wai kai suruki. Ni na ɗauke ka suruki? Ni tsoho ne, ina maganan abin da nake so, ba abin da na sani ba. Da ka ce Baba ba zan yi ba, ka ajiye guduma, me zan yi maka? Da mun faɗa cikin kwalbatin nan fa? In kai ba ka hana ni ba, wa zai hana ni?"

Mijin ƙanwata ya sunkuyar da kai yana cewa, "Na yi kuskure, Baba."

Na matso. Na ce, "Baba, ni ne na matsa masa. Sifirin ɗin ma ni na sayo, ya ce kada a sa. Jiya ma ya ce a raba kayan."

Baba ya ɗaga mini hannu ba tare da ya juyo ba. Ya ce, "Na sani, Malam. Ba komai. Kai ba aikin ka ba ne." A hankali ya faɗa, da ladabi, yadda ake yi wa baƙon da ya fasa kofi. Sannan ya koma kan mijin ƙanwata ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Da ya zage ni a gaban masu wucewa da na fi jin daɗi. Na tsaya riƙe da hularsa, ina jira a zo kaina, ba a zo ba.

Da faɗan ya ɗan lafa sai suka shiga shawara su biyu. Za su je Kafanchan su nemo babbar mota ta kwashe cittar, sannan a jawo wannan. Za a cire dogon, a sa falankin da aka ce tun farko, a mayar da sifirin irin na asali. Baba ya ce shi da kansa zai je ya ga falankin kafin a saya. Ya karɓi hularsa daga hannuna, ya ce, "Malam, ka zauna da kayan, kada a taɓa."

Mijin ƙanwata ya sauke akwatin kayan aikin ya ajiye kusa da ni don Baba ya samu wurin zama. Ya riƙe masa hannu ya hau, ya gyara masa ƙafar da ke ciwo a kan matakin. Baba ya rungume ƙugunsa da hannu biyu. Suna tashi faɗan ya dawo sabo, ina jin muryar Baba yana cewa, "Kuma wani lokaci in na yi maganan banza ka gaya mini a fuska na," shi kuma yana amsawa, "To, Baba."

Na hau kan buhunan na zauna, warin citta yana shiga mini hanci. Ina jin muryar tana raguwa har suka sha kwana, kuma duk tsawon lokacin ina fata da ni ake yi wa faɗan.